Ƙidayar Musa ta ɗaukar kaya ce, ba ta alfahari ba

Muna da wani gurup a WhatsApp da muke karatun Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har ƙarshe cikin shekara ɗaya, to da muka iso Littafin Ƙidaya sai wani ɗan'uwa ya rubuto wai a tsallake sura 1 zuwa 4 a ci gaba, ai babu abincin ruhaniya a wurin, sunaye ne kawai da lambobi. Kafin a ce me wata ta ƙara da nata, wai ƙirga jama'ar Allah ma ai zunubi ne, a dubi abin da ya faru da Dawuda. Gaskiya abin ya dame ni, don mutanen nan biyu ba sababbin tuba ba ne, sun daɗe a ikkilisiya, kuma na san ba su kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ƙidayar da Allah ya sa Musa ya yi a jejin Sinai ba don a san Isra'ila ta yi yawa a buga ƙirji aka yi ta ba. An yi ta ne don kowane mutum ya san an san shi da sunansa, yana da wurin tsayawa, kuma akwai kayan da aka ɗora mishi wanda in ya ajiye babu mai ɗauka. Ma'anarta ta ruhaniya kenan a wurina, kuma abin da ya sa nake ganin bai kamata a tsallake ta ba shi ne mu ma kullum muna ƙidaya a majami'unmu, sai dai irin ta Dawuda muka fi yi.

Me aka ƙirga, kuma yaushe

Ranar 1 ga wata na 2 a shekara ta 2 bayan sun fito daga Masar, Ubangiji ya yi magana da Musa a alfarwa ta sujada. Wata ɗaya cif kenan da kafa alfarwar. Ranar 20 ga wannan watan girgije ya tashi suka kama hanya. Wato ƙidayar shirin tafiya ce, mutanen da suka kusa shekara a gindin dutse za su naɗe kaya su nufi ƙasar da sai an yi yaƙi za a shiga.

Maza aka ƙirga daga shekara 20 zuwa sama, duk wanda zai iya fita yaƙi, bisa ga iyalinsa da gidan kakanninsa, da sunansa, ɗaya bayan ɗaya. Musa da Haruna ba su yi aikin su kaɗai ba, kowace kabila an ba da mutum ɗaya shugaba ya tsaya tare da su, irin su Nashon ɗan Amminadab na Yahuza, wanda za ka sake cin karo da sunansa a farkon Matiyu cikin asalin Yesu. Yahuza ta fi kowa, 74,600. Dan na biye da 62,700. Manassa ce ƙarama, 32,200. Jimla 603,550.

Da aka gama ba a yi biki ba, ba a rera waƙar mun yi yawa ba. Sura 2 nan take ta shiga rabon wuri, Yahuza da Issaka da Zabaluna gabas, Ra'ubainu da Saminu da Gad kudu, Ifraimu da Manassa da Biliyaminu yamma, Dan da Ashiru da Naftali arewa, kowa ƙarƙashin tutarsa, alfarwa a tsakiya. Har da wa zai fara tashi in an busa ƙaho da wa zai tsare baya. Yahuza mai 74,600 ba a ba ta tsakiya ba. Tsakiya ta Allah ce, babba da ƙarami duk kewaye suka yi.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙauye ya san wannan irin lissafin. Mai gona yana ƙirga waɗanda suka zo da fartanya ne don ya san kunya nawa za a ja kafin rana ta take, kuma in mutum ya sulale ya bar kunyarsa kowa zai gani, don ciyawa na nan tsaye a layinsa.

Har turaku da igiya an ba mutum da sunansa

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne wajen Lawiyawa, wato daidai surorin da aka ce a tsallake. Su ba a haɗa su da mayaƙa ba. An ƙirga mazansu tun daga ɗan wata ɗaya aka sami 22,000, a madadin 'ya'yan farin Isra'ila da suka kai 22,273. Saura 273 kenan da babu Balawen da zai tsaya musu. A lissafin mutum ai sai a ce 273 cikin dubu ashirin da biyu ba komai ba ne, a rufe littafi. Allah bai yarda ba, ya ce a fanshi kowannensu da shekel 5, aka tara shekel 1,365 aka ba Haruna da 'ya'yansa. Ko mutum ɗaya ba a bari ya ɓace cikin "kusan daidai ne" ba.

Sai aka sake ƙirga waɗanda ke tsakanin shekara 30 da 50, masu aiki a alfarwa, su 8,580 daga dangogin Lawiyawa uku. Kohatawa 2,750 su ke ɗaukar akwatin alkawari da tebur da alkuki da bagadai, kuma a kafaɗa, ba a ba su keken shanu ko ɗaya ba. Gershonawa 2,630 nasu labule ne da murfin alfarwa. Merariyawa 3,200 katakai da ginshiƙai da kwasfa da turaku da igiyoyi. Kuma a sura 4 an ce a ba kowane mutum kayan da zai ɗauka da suna.

Ka yi tunanin Bamerare da aikinsa shekara da shekaru ɗaukar turaku ne. Ba ya taɓa akwatin alkawari, ba ya shiga wuri mai tsarki, babu mai yi mishi kirari. Amma in ya bar turakunsa a zangon baya, farfajiyar ba za ta tsaya ba a zango na gaba. To wannan in ba abincin ruhaniya ba ne mene ne? Mamar da ke share majami'a ranar Asabar, da yaron da ke jera benci, da dattijon da ke zuwa gaida marasa lafiya da kuɗin motarsa, wannan sura tasu ce, ita ke gaya musu aikinsu a rubuce yake.

Akwai kuma maganar rabin shekel a Fitowa 30. Duk wanda ya shiga ƙidaya zai ba da rabin shekel fansar ransa, mai kuɗi ba zai ƙara ba, talaka ba zai rage ba. Fitowa 38 ta faɗi inda azurfar ta tafi, talanti 100 da shekel 1,775 daga mutum 603,550, aka zuba talanti 100 ɗin aka yi kwasfa 100 da wuri mai tsarki ke tsaye a kansu. Wato alfarwar a kan kuɗin fansar da kowa ya biya daidai take zaune. A inda ake kiran sunan wanda ya ba da baiko mai tsoka a lasifika a tafa mishi, ya kamata a riƙa karanta wannan wurin.

To Dawuda fa?

Maganar 'yar'uwar nan tana da tushe, ba zan ce babu ba. A 2 Sama'ila 24 da 1 Tarihi 21 Dawuda ya sa aka ƙirga jama'a, annoba ta sauko, mutum 70,000 suka mutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a duba yadda aka yi. Dawuda ya aiki Yowab, shugaban sojojinsa, ya zaga daga Dan har Biyer-sheba domin shi sarki ya san yawan mutanen. Yowab, wanda kowa ya san ba mai tausayi ba ne, mutumin da ya kashe Abner da Amasa, shi da kansa ya ja baya ya tambayi sarki me yake nema da wannan abin. Suka yi wata 9 da kwana 20 suna zagaye, suka dawo da lamba, 800,000 a Isra'ila da 500,000 a Yahuza bisa ga Sama'ila. Lamba kawai. Babu jerin iyalai, babu rabon aiki, babu ambaton rabin shekel, babu wata tafiya da ake shiri. Da jin jimlar zuciyarsa ta buga, ya ce ya yi wauta ƙwarai.

Bambancin a fili yake. A Sinai an ƙirga mutane don a kawo su gaban Allah a ba su aiki. A Urushalima an ƙirga su don a kawo wa sarki labarin ƙarfinsa. In da ƙidaya kanta ce haram, da Luka bai rubuta mutum wajen 3,000 da aka yi wa baftisma ranar Fentikos ba, da makiyayin nan bai gane tunkiya ɗaya ta ɓace cikin 100 ba, don sai ka ƙirga kake sanin 99 ne suka shigo.

Mu kuma a nan Najeriya kalmar ƙidaya da tsoro muke jin ta, kuma da dalili. An soke ta 1973 saboda rigima, ta 2006 ba a ma tambayi addini ko ƙabila ba don gudun fitina, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage. Mun saba yawa shi ne kujera, shi ne kaso. Wannan tunanin ya bi mu har cikin ikkilisiya, shi ya sa wasu ke ƙara sifili a rahoton taron farkaswa, wasu kuma suka tsani jin lissafi gaba ɗaya. Duka biyun ba su karanta Musa da kyau ba.

Takarda ɗaya ce ta zama ta hukunci

Ga abin da ke sa jikina sanyi duk lokacin da na karanta. Wannan rundunar ta 603,550, da tutoci da shugabanni da tsari, ba ta shiga Kan'ana ba. Sun iso Kadesh, aka aiki 'yan leƙen asiri 12, suka yi kwana 40, goma suka dawo suna cewa mutanen ƙasar ƙatti ne mu kamar fara muke a gabansu, jama'a suka kwana suna kuka suna cewa a naɗa shugaba a koma Masar. Da Allah ya yanke hukunci a sura 14, ka lura da wa ya ambata, duk waɗanda aka ƙirga daga shekara 20 zuwa sama. Wato rajistar nan ta sura 1 ita aka buɗe. An rubuta sunanka a matsayin mai fita yaƙi, ranar yaƙi ta zo ka ce ba ka zuwa.

Shi ya sa nake cewa ƙidayar nauyi ce. Shiga lissafi gata ne, i, amma gata ne da ake tambayar mutum a kansa. Yaran da iyayen suka ce za su zama ganima, waɗanda ba su isa a ƙirga su ba, su aka shigar.

Katin baftisma haka yake, sunanka a rajistar ikkilisiya haka yake. Da yawanmu mun ɗauke shi takardar da za ta yi amfani ranar aure ko ranar jana'iza kawai.

Bayan kusan shekara 40, a filayen Mowab kusa da Urdun daura da Yariko, aka sake ƙidaya, wannan karon Musa da Ele'azara ɗan Haruna, don Haruna ya riga ya rasu. Sura 26 kenan. Jimla 601,730. In ka dubi jimla kawai za ka ce ai babu abin da ya faru, ragin 1,820 ne kacal cikin shekara 40 a jeji, har ka yi godiya ka rufe littafi. Amma ƙarshen surar ya ce cikin waɗannan babu ko mutum ɗaya daga waɗanda aka ƙirga a Sinai sai Kalibu ɗan Yefunne da Joshuwa ɗan Nun. Tsara guda ta ƙare ƙaƙaf, jimla kuma ta ɓoye.

Sai ka shiga kabila kabila kake ganin labarin. Manassa da take ƙarama ta tashi daga 32,200 zuwa 52,700. Biliyaminu daga 35,400 zuwa 45,600. Saminu kuwa daga 59,300 ta faɗo 22,200, ta rasa 37,100, daga ta uku a yawa ta koma ta ƙarshe. Kuma surar da ta zo kafin wannan kai tsaye, sura 25, ita ce ta Feyor, inda annoba ta kashe 24,000, mutumin da ya shigo da Bamadayaniya a idon jama'a har Finehas ya soke su kuwa Zimri ne, shugaba a gidan Saminu. Nassin bai ce ga dalilin faɗuwarsu ɗaya biyu ba, amma ya ajiye abubuwan biyu kusa da juna don mai karatu ya gani.

Wannan ita ce matsalar lissafin da muke yi ranar Lahadi. Masu tsaron ƙofa su ƙirga kai, maza kaza mata kaza yara kaza, sakatare ya karanta a sanarwa, bara haka bana haka, kowa ya ji daɗi ba a ragu ba. Amma su waye? Matasan da aka yi wa baftisma shekara biyar da suka wuce suna ina? Gwauruwar da ta daina zuwa tun da aka binne mijinta fa? Baƙi sun cike bencinsu, lamba ta tsaya yadda take, mu kuma muka ce lafiya lau.

Masu cewa lambobin sun yi yawa, da masu neman asiri a ciki

Akwai masu cewa maza 600,000 na nufin jama'a wajen miliyan 2 in an haɗa mata da yara, ta yaya jeji zai ɗauke su. Masana sun daɗe suna muhawara a kai, wasu na karanta adadin yadda yake, wasu na ganin kalmar "dubu" a nan rukunin mayaƙa take nufi. Ni yadda aka rubuta nake karantawa. Amma ko wane ɓangare ka bi, saƙon bai motsa ba, mutum 70 suka gangara Masar tare da Yakubu, al'umma ta fito, alkawarin da aka yi wa Ibrahim a ƙarƙashin taurari ya cika. Kuma Musa ɗin da ya yi ƙidaya sau biyu shi ne ya gaya musu a Maimaitawar Shari'a 7 cewa ba don sun fi sauran al'ummai yawa aka zaɓe su ba. Gidiyon ma da 32,000 ya fara aka rage shi zuwa 300.

Su kuma masu tara lambobin nan suna rabawa suna ninkawa don su fito da wani ɓoyayyen annabci ko ranar da duniya za ta tashi, ina roƙonsu su bari. Abin da ke a fili ya ishe mu nauyi.

Mata fa, ba a ƙirga su ba?

Wannan tambayar ta fi sauran ƙarfi kuma ba na son a amsa ta da wasa. Gaskiya ne, rajistar mayaƙa ce, mata da yara da tsofaffin da ba sa iya fita ba sa ciki. Amma ƙidaya ta biyu tana da wani aiki, rabon gādo. An ce kabila mai yawa a ba ta ƙasa mai yawa, ƙarama a ba ta kaɗan, wurin kuma da ƙuri'a za a fitar don kada babba ya zaɓi mai dausayi ya bar wa ƙarami duwatsu.

A tsakiyar jerin mazan nan sai ga sunayen mata biyar, Mala da Nuwa da Hogla da Milka da Tirza, 'ya'yan Zelofehad na kabilar Manassa, wanda ya mutu bai bar ɗa namiji ba. A sura 27 suka zo ƙofar alfarwa gaban Musa da Ele'azara da shugabanni da dukan taro, suka ce don me sunan babanmu zai ɓace a danginsa, a ba mu gādo. Musa bai kore su ba, bai ce al'ada ta hana ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuma ya ce abin da suka faɗa daidai ne, aka mai da shi doka ga Isra'ila duka. Ƙasar da suke nema ba a ma ci ta ba tukuna, suna wancan hayin Urdun. Iyayensu maza sun ga 'ya'yan inabin ƙasar da idonsu suka ce ba za su shiga ba, su kuma 'yan matan nan suna neman rabonsu a cikinta tun kafin a haye.

A gidajenmu na Kirista har yau akwai inda mutum zai mutu ya bar 'ya'ya mata, 'yan'uwansa su zo su kwashe gona da gida kafin a share makoki, a ce ai bai bar magaji ba. Wanda ya tsallake Littafin Ƙidaya ba zai san Allah ya riga ya yi magana a kan wannan ba.

Akwai ma wani ɗan layi a sura 26 da ke da sauƙin wucewa, bayan an tuna yadda ƙasa ta haɗiye masu tawaye tare da Kora, sai aka ce amma 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Zuriyarsu ce sunanta ke kan Zabura 42 da 84 da muke rerawa. Jerin sunaye ne ya adana mana wannan, cewa zunubin uba bai rufe ƙofa ga 'ya'ya ba.

Saboda haka roƙona ga fastoci da dattawa da sakatarori da shugabannin zumuntar mata da na matasa, kada ku daina ƙirga, amma ku canza abin da kuke ƙirgawa. A taron dattawa na gaba a ajiye takardar jimla gefe, a ɗauko rajista, a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya da murya, gida gida. A kan kowane suna a yi tambaya biyu, yana nan kuwa, kuma wane kaya aka ba shi ya ɗauka. Inda aka kira suna ɗakin ya yi shiru babu wanda ya san inda yake, a rubuta sunan dattijon da zai je gidan a cikin satin, kuma a taro na gaba a tambaye shi abin da ya tarar.